Murhun da Yaya Norbert Ya Share

Har yau in na hango Yaya Norbert ya taho ta hanyar kanti, tsallaka titi nake yi. Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, shi ya riƙa ɗaukata a kafaɗa ina ƙarama, amma ban ga ranar da zan sake zama in sha shayi da shi ba. Matan gari sun dame ni da "Delphine, ki yi haƙuri, ai ba da gangan ya yi ba." Wannan ƙarya ce, kuma su ma sun sani. Da gangan ya yi, da hannunsa biyu, cikin hankalinsa. Abin da bai sani ba kawai shi ne a kan wa abin zai faɗa.

Babanmu ya bar mana bukkar gungume a bakin tafki, a tsakiyar hanya tsakanin garinmu da ƙauyen tsallake. Ƙofarta ba ta taɓa sanin makulli ba. A nan arewacin Saskatchewan, a ƙasar Kanada, kowa ya san ƙa'idar irin waɗannan bukkoki. Ka shiga, ka ji ɗumi, ka ci abin da ka tarar, amma kafin ka ja ƙofa ka tafi sai ka shirya murhun ƙarfen da ke ciki. Farin ɓawon icce a ƙasa, wanda ke kama wuta ko da danshi, sannan sassaƙe da ƙirare, sannan busasshen faskare a sama. Ƙofar murhun a bar ta a buɗe. Ashana kuma a zaro 'yan ƙwayoyi daga kwali a jera su a bakin kanta, gindinsu a waje, a danne da ɗan dutse. Ba don ado ake haka ba. Mutumin da sanyi ya kashe wa yatsu ba ya iya buɗe kwali, amma yana iya cafkar tsinken ashana da haƙori ya ƙyasta a jikin murhu.

Yaya Norbert ya fi ni sanin wannan. Yana saurayi ya taɓa mantawa, Baba bai ce masa uffan ba sai da suka iso gida, ya cire takalma, ya miƙa hannu zai ɗebi abinci. Sannan Baba ya ce, "Koma." Ya koma kuwa, a ƙafa. Shi da bakinsa yake ba 'ya'yansa wannan labari yana dariya.

Ba zan ɓoye ba, an ɓata masa rai. Hanyar tarkonsa ta nan ta bi, shi ya fi kowa kwana a bukkar. Samarin gari kuwa, masu zuwa kamun kifi ta ramin ƙanƙara da kwalabe a jaka, sun mai da ita ɗakin hira. Su ƙone abin da ya shirya, su bar masa toka da gwangwanayen wofi. Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, ya iso a gajiye ya tarar da murhu a sanyaye. Wata rana a teburinmu ya buga cokali ya ce, "Zan koya wa 'yan banzan nan hankali." Na ɗauka gidajen iyayensu zai bi ɗaya bayan ɗaya ya zazzage musu masifa, yadda mai hankali zai yi. Mijina Ovide ma dariya kawai ya yi, ya ƙara masa shayi.

Ovide mai goge ne. Yana sa tarkon zomo, yana gyaran injin kwalekwale in ƙanƙara ta narke, amma in ka tambaye shi sana'arsa, yatsun hannunsa na hagu zai ɗaga maka. Babu wani biki a garuruwan nan da za a ce ya yi armashi ba tare da shi ba. Gogen, irin na katako mai tsirkiyoyin waya huɗu, na kakansa ne, ya yi baƙi don tsufa, ni kaina ba ya barina in kakkaɓe masa ƙura. Ina yi masa tsiya cewa da gobara za ta tashi, gogen zai fara fitarwa kafin ya tuna da ni. Sai ya ce, "Ke ai kina da ƙafa."

Mutanen tsallake suka gayyace shi rawar sabuwar shekara. Ya tashi da hantsi a kan babur ɗinsa mai tafiya a kan ƙanƙara, gogen naɗe cikin buhun fulawa, rataye a bayansa. Sanyin ranar irin wanda gashin hanci ke daskarewa tun numfashin farko ne.

Inda rafi ke shiga tafki, ruwa yakan taso ya kwanta a kan ƙanƙara, dusar ƙanƙara ta lulluɓe shi, ba ka ganin komai sai fari fat. Nan babur ya nutse ya kafe. Ovide ya diro cikin ruwa har gwiwa, ya yi ta kokawar ɗaga kan babur har safar hannunsa ta fata ta sha ruwa sharkaf. Babur ya ƙi motsi.

To, ga inda zuciyata ke tafasa duk lokacin da na tuna. Ovide ba baƙo ba ne, a dajin nan aka haife shi. Ya san in ka jiƙe a irin wannan sanyi ba ka jira, nan take kake hura wuta. Ga itatuwa a bakin gaɓa da busassun ƙirare a ƙarƙashin rassansu, ga fararen itatuwa ɓawonsu yana lilo. Ga ashanarsa a aljihun ciki, kuma a lokacin yatsunsa suna motsi. Amma iska tana kaɗawa, kuma daga inda yake yana hango tudun da bukkar Baba ke bayansa. Ya ce a ransa, me zai sa in tsuguna cikin iska ina lallashin wuta, alhali ga murhu can a shirye yana jirana? Da baƙo ne daga birni, tsoro zai sa ya hura wuta a wurin, kuma da yanzu yana da yatsunsa goma. Ɗan gida ne kaɗai zai yi abin da Ovide ya yi. Ya cusa hannuwa a hammata ya kama hanya.

Kafin ya kai, wandonsa ya sandare kamar bututun murhu. Zif ɗin rigarsa ya haɗe da ƙanƙara, ashanar da ke ciki ta zama ba ta da amfani a gare shi. Hannuwan kuwa sun daina zafi, wanda kowa ya san shi ne mafi muni. Ya tura ƙofa da kafaɗa, ya zube a gaban murhu a kan gwiwoyinsa, ya leƙa.

Babu komai. Ba wai an ƙone ba a mayar ba ne, yadda samarin ke yi. A'a, an share shi tas, har tokar an kwashe. Akwatin faskare a kife. A bakin kanta ga ɗan dutsen nan na Baba, babu ko tsinke a ƙarƙashinsa. Busasshen faskaren da ɓawon, daga baya muka ji, cikin duro Yaya Norbert ya zuba su ya binne a dusa bayan bukka. Abin da ya bari a fili manyan gungumaye ne masu ƙanƙara a jiki, waɗanda ko kwalin ashana guda ka ƙarar a kansu ba za su ko yi hayaƙi ba.

Abin da ya biyo baya, sau ɗaya tak Ovide ya ba ni labarinsa, yana kallon bango. Ya sa damtse ya share kantar sama, kayan suka zubo, ya ji wani gwangwani ya yi ƙarar tsinkaye. Ashana ce, Yaya Norbert ya ɓoye don amfanin kansa, cikin gwangwanin ƙarfe mai murfin murɗawa, ya ɗaure shi tamau. Ovide ya matse shi tsakanin tsintsiyoyin hannunsa, ya suɓuce. Ya sa baki zai murɗa da haƙori, leɓensa ya manne a jikin ƙarfen mai sanyi, da ya fizge sai fatar ta zauna a can. Daga ƙarshe ya jefar da shi ƙasa ya yi ta tattakawa da takalmin da ya zama dutse har gindin ya fashe, ashana ta watse.

Ga ashana, to a kunna wa me? Tebur da kujera da katakon gado duk masu kauri ne. Ga wuƙa a ƙugunsa, babu hannun riƙe ta a sassaƙa. Ya ce ya duba ɗakin nan kusurwa-kusurwa, yana jin barci mai daɗi yana fizgarsa, ya kuma san in ya biye masa shi ke nan. Sai ya sunkuya ya zame buhun daga bayansa.

Itacen goge siriri ne, ya bushe tun kafin a haife mu, ga man da aka shafe shi da shi mai saurin kama wuta. Ya kwantar da shi a ƙasa ya ɗora gwiwa a kai. Ya tura ɓaraguzan cikin murhu da damtse, ya haɗa da buhun da ɗan ƙaron da yake shafa wa bakan gogen. Sannan ya kwanta rub-da-ciki yana tsintar ashana da haƙori daga ƙasa. Na farkon suka mutu a bakinsa, hayaƙin ya shaƙe shi, gashin bakinsa ya babbake. Can dai ɗaya ta kama. Da wutar ta tashi ya tattake kujera ya ƙara, ya bi da katakon gado.

Mutanen tsallake, da suka ga mai goge bai iso ba, suka biyo hanya suka ga babur a kafe, suka bi sawu har bukka. Jirgin sama ya kai shi asibitin birni. Likitoci suka ce ƙafafun za su tashi, hannuwan kuwa sai an jira, domin naman da sanyi ya ci ba a gane mai rai da matacce sai ya nuna kansa. Suka sallamo mana shi da hannuwa a naɗe.

Wannan jiran ban taɓa ganin azaba irinsa ba. Ni nake ba shi abinci a baki, ni nake ɓalle masa maɓalli. Kullum da safe in kwance bandejin in duba. Hannun dama ya kumbura ya yi bororo, amma a hankali ya dawo da launinsa. Na hagu kuwa, mai danna tsirkiya, ƙaramin yatsa da na kusa da shi da kan na tsakiya sai ƙara duhu suke yi. Shi ba ya kallo. Ya ɗaga kai sama ya ce, "Ya kika gani, tsohuwa?" In ce, "Da sauƙi." Ya san ƙarya nake yi, amma gobe ma sai ya sake tambaya.

Cikin wannan hali Yaya Norbert ya ga damar zuwa. Ya harbo mus, ƙatuwar barewar dajin nan, ya shigo da cinya guda a kafaɗa ya dire a teburina, yana kakkaɓe dusa daga hula kamar ba abin da ya faru.

"Ina surukin nawa? Ga wannan, a yi masa romo."

"Yana kwance. Zauna, Yaya."

Na ɗauko fasasshen gwangwanin, wanda mutanen tsallake suka kawo mini, na ajiye a gabansa. Na fita da kwano na ciko shi da dusa na dire kusa da shi.

"Mene ne haka?"

"Ka ga abin nan da ya bushe a bakin murfin? Leɓen Ovide ne. Yanzu sa hannuwanka a cikin kwanon nan har in gama dafa shayi, sannan ka ɓalle mini maɓallin rigarka guda ɗaya. Ɗaya kawai."

"Haba Delphine, wasan yara za mu yi?"

"Ai kai ne malamin yara. Ba kai ka ce za ka koyar da hankali ba? To ga ɗalibinka can a ɗaki, ya koya, ya haddace."

"Ni ban yi don shi ba, kin sani. 'Yan iskan nan na yi wa. Ke kin san sau nawa na iso bukkar nan haƙorana suna kaɗawa na tarar da toka?"

"To da ɗaya daga cikin 'yan iskan ne ya faɗa ruwan fa? Shi yatsunsa na banza ne? Shi ba uwa ce ta haife shi ba?"

"Su ai da fetur suke yawo."

"Me ya hana ka faɗa mana? Bayan ka yi aika-aikarka, a kujerar nan ka zauna ka ci gurasata, ka ji da kunnenka Ovide yana cewa zai bi ta tafki ranar rawa. Bakinka ciwo yake yi?"

Ya juya hula a hannunsa. Na ɗauka zai ce a yafe masa, kuma wallahi da ya faɗa a lokacin, wataƙila da yanzu ba wannan labari nake bayarwa ba. Sai ya miƙe tsaye.

"Ke ma ki faɗi gaskiya mana. Wane irin mutum ne zai jiƙe ya wuce itatuwa jingim bai hura wuta ba? Yaron goye ya san wannan. Ni na ce ya yi wauta?"

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne maganar tasa tana da ƙamshin gaskiya. Na ce, "Wautarsa ɗaya ce, Yaya. Ya ɗauka kai ɗan Baba ne."

Nama ba a wulaƙanta shi, don haka ban jefar ba. Na rungumi cinyar na kai waje na ɗora masa a bayan babur, na dawo na rufe ƙofa. Daga ɗaki na ji Ovide yana cewa, "Kin cika faɗa, tsohuwa." Na ce ya yi mini shiru kafin in haɗa da shi.

Aka sake kai shi birni, aka cire ƙaramin yatsan da na kusa da shi da rabin na tsakiya. Bai yi kuka ba, ni na yi, a banɗakin asibiti inda ba zai ji ba. Da muka dawo gida wani ya kunna kiɗan goge a rediyo, na ga guntayen suna motsi a kan gwiwarsa, suna neman tsirkiyar da babu. Na tashi na kashe rediyon.

Ranar da aka warware masa ɗinki, hunturu bai tafi ba tukuna, tafki yana nan daram. Na shigo daga shanya kifi na tarar da shi yana kokawar sa takalmi.

"Ina zuwa?"

"Zuba wa babur mai, ki kai ni bukka."

"Yin me? Sauran yatsun za ka kai musu?"

"Na fito ban shirya murhu ba."

Na tsaya ina kallonsa. Sannan na buɗe baki, kuma na tabbata har maƙwabta sun ji. Na ce a sume aka ɗauko ka. Na ce wanda ya share murhun yana nan da yatsunsa goma cif, ya je ya shirya. Na ce in ta ni ce, bukkar nan ta rushe, dusa ta binne ta. Na ce kai wane irin mutum ne da ba ya fushi, sai ni kaɗai zan yi ta ɗaukar fushin gidan nan? Ya bar ni na gama tas.

"Ni na ƙone na ƙarshe," ya ce. "Ɗaure mini igiyar takalmin nan."

Na ɗaure, ina zagi. Na tuƙa, yana bayana ya riƙe ni da hannu ɗaya, na yi nesa da bakin rafin nan.

Babu sawun kowa a ƙofar bukkar. Samarin sun ji labari sun daina zuwa, Yaya Norbert kuwa ashe kunya ta sa yana zagaye ta a kan hanyar tarkonsa. Wato duk tsakiyar hunturun nan bukkar Baba a haka ta zauna, ba ƙirare ba ashana, da wani ya sake faɗawa ruwa da gawarsa za a ɗauko. Kunyar da ba za ta sa mutum ya gyara ɓarnarsa ba, ban ga amfaninta ba. Na durƙusa zan kwashe tokar, hannuna ya taɓa wayoyin gogen huɗu da suka nannaɗe suka yi baƙi. Na sa su a aljihu kafin ya juyo.

Na tono duron a bayan bukka na shigo da faskare da ɓawo. Ovide ya zauna a ƙasa ya zaro wuƙa, ya riƙe icce da hannun hagu zai sassaƙa. Iccen ya suɓuce. Ya ɗauka, ya sake suɓucewa. Na karɓe, na yi ta sassaƙa da ƙarfin da ya wuce buƙata. Shi kuma ya jera, ɓawo a ƙasa, sassaƙe, ƙirare, faskare, yana gyara kowanne a natse yadda yake ɗaure tsirkiya a da.

"Ka dai san wanda zai fara shigowa nan," na ce. "Hanyar tarkonsa ce. Rana ɗaya kunyar za ta sake shi, ya zo ya ji ɗumi da wahalarmu."

"Na sani."

"Kuma ba ka damu ba?"

"Miƙo ashanar."

Na ƙi ba shi, na ce ni zan jera. Na zaro su daga sabon kwali na shimfiɗa a bakin kanta, gindinsu a waje, na danne da dutsen Baba, daidai inda Baba yake sawa, daidai inda muke sawa tun muna yara. Ovide ya dubi kantar daga inda yake a durƙushe. Ya girgiza kai, ya jawo akwatin faskaren ya kife shi a gefen murhu, ya bubbuga samansa da hannun nan mai guntaye.

"Sauko da su nan, tsohuwa. Wanda zai buƙace su ba a tsaye yake isowa ba."

Na sauko da su, na danne da dutsen, muka ja ƙofa.